Alwala Ta Wanke Alamar Likita

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Wani tsoho ne daga unguwar Gurda, nan garin Sabha.

Ƙanena Idi direba ne, yanar ido ta rufe masa na hagu. Ranar aikin idon likita ya yi masa alama da biro saman girar hagu. Idi ya yi alwala, ya dirje ta tas, wai kada ta tare ruwa. A ƙofar tiyata nas ta nuna idon dama, ta tambaye shi da Larabci. Ya ce "Aiwa," wato "eh," yadda muke amsa wa 'yan sanda. Na kife tafina kan idon, na ce, "Da wannan yake tuƙi."

An ɗage aikin, mun koma layi. Malamai, tawadar likita tana ɓata alwala? Idi na saurare, kuma ido ɗaya gare shi.