Jarkar da Na Ɓoye wa Duba-gari

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni manomin tumatir ne daga wani ƙauye kusa da Bunkure.

Da aka farfaɗo da dokar tsafta, duba-gari ya shigo gidana ya ce an hana zuba ruwan sha a tsohuwar jarkar maganin feshi. Na ɓoye tawa a bayan rumbu, don mu nan cewa muke in an wanke da toka shi ke nan.

Da ya tafi muka ci gaba da zuba ruwa a cikinta. Ranar Talata matata Hajara ta sha daga ciki a gona. Kafin la'asar sai amai, yawu yana ta zuba. A motar tumatir muka kai ta asibiti. Likita ya ce, "Me ta sha?" Na kasa ɗaga kai.

Yayana Sale yana da irin jarkar nan, 'ya'yansa ma daga ciki suke sha. Na yi masa magana, ya ce abin da ya sami Hajara tsautsayi ne. Jama'a, in kai ƙararsa ko in yi shiru?

Yaya, na san kana saurare. Yau kwana huɗu Hajara ba ta gane ni ba.