Burushin Aski Mai Araha

A gaban teburin mai kayan aski, wata mata ta daɗe tana jujjuya burushi biyu, ta rasa wanda za ta ɗauka. Wani dattijo da ya zo sayen reza ya dube ta.

"'Yata, wa za a yi wa aski?"

"Mahaifina ne, Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ni nake yi masa. Ba ya son inji, sai sabulu da reza. Burushinsa kuwa duk gashin ya zube. An ce mai tsadar nan ne na kirki, ga magani ban saya ba."

"Goga mai arahar a bayan hannunki. Yana sukar ki?"

"A'a, da laushinsa."

"To, shi za ki ɗauka. Ki jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yi kumfa, in kin gama ki wanke ki rataye. Shekara talatin na yi ina aski da irinsa."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Wallahi na zaci rowa zan yi masa. Har yanzu kuna askin?"

Ya nuna mata hannunsa da ke rawa. "Na bari. Jikata ke yi mini, takan ɗan yanke ni ma."

"Ni ma sau biyu ina ji masa ciwo," ta ce a hankali. "Bai ce komai ba."

"Ba zai ce ba. Ni kaina duk mako ranar askin nan nake jira."