Ganye, Ɓera da Inna

Mai girma shugaban taro, malamanmu na ɗakin bincike, iyayenmu masu maganin gargajiya, 'yan uwa maza da mata, har da waɗanda inuwa ce ta shigo da su, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama, musamman da yake wanda aka fara gayyata ya manta da ranar.

An ce in yi bayani kan ruwan ganyen da muke tatsa, ko yana gyara ƙwaƙwalwa. Na farko, mun gwada shi a kan ɓera. Ɓeran da ya sha ya fi saurin tuna lungun da aka ɓoye masa abinci, kuma da muka duba ƙwaƙwalwarsa, muka tarar sinadarin da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi ya ƙaru. Shi dai ɓeran bai samu halartar taron nan ba, saboda irin dubawar da muka yi masa.

Na biyu, mutum ba ɓera ba ne. Ba mu san adadin da za a sha ba, ba mu san abin da zai yi wa hanta ba, ba mu san yadda zai zauna da ƙwayar hawan jini ba.

Na uku, daga gidanmu yake. Mahaifiyata ta fara ruɗewa: tana zuba gishiri a shayi, tana kirana da sunan ƙanena da ya rasu bara, ni kuwa ina amsawa. Ashe ƙanwata tana ɗibar ganyen a jakata tana dafa mata. Ko ganyen ne ko ba shi ba, wallahi ban sani ba, amma wata safiya Inna ta dube ni ta kira ni da sunana, sannan ta ce, “To, ina ɗan uwanka?” Muka gaya mata. Ta sake kukan bara, sabo fil, ni ma na taya ta.

Washegari aka miƙa mata kofin, ta ce mene ne. Ƙanwata ta ce, “Maganin mantuwa ne, Inna.”

Ta ce, “Irin maganin tari, mai korewa, ko irin maganin barci, mai kawowa?”

Aka ce mai korewa. Ta ture kofin ta juya wa bango fuska. “In kun samo ɗayan, ku tashe ni.”

Don haka, jama'a, kafin mu ɗura wa tsofaffinmu komai, mu tambaye su tukuna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tuna mana abin da za mu iya ɗauka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.