Robar da Na Ɗaura a Cinya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Yau tona kaina na zo yi.

Kun san ni da keken ɗinki a Ƙofar Guga, kuma tun da daɗewa ni ke ɗinka ankon zumuntar mata. Bara na zame a bakin kwata, jijiyar idon sawuna ta tsinke, aka yi mini aiki. Ina kwance aka ɗauki ɗinkin aka ba Rifkatu, wadda ni na koya mata riƙe almakashi.

Duk wadda ta zo duba ni sai ta ce, "Kin ga hannun Rifkatu kuwa?" In yi murmushin yaƙe. Kishi ne zalla, ba zan canza masa suna ba.

A asibiti, likitan gashin ƙashi yakan ɗaura mini wani abu a cinya, irin na awon hawan jini. Ya hura shi daidai gwargwado don jini ya rage gudu, in motsa ƙafa kaɗan, bayan 'yan mintuna ya kwance. Ya ce haka nama ke ƙarfi ba tare da an wahalar da ɗinkin jijiyar ba. Na tambaye shi yaushe zan hau keke. Ya ce, "Mama, da saura."

Ni ko na ce a raina, ashe ɗauri ne kawai. Na koma gida na samu tsohuwar robar tayar babur, na ɗaure cinya tamau, na hau keke ina takawa, ina lissafin ranar da zan ƙwace aikina. Ban ankara ba ƙafa ta mutu, yatsu suka yi sanyi ƙalau. Maigida ne ya shigo ya datse robar.

A hanyar asibiti na fashe da kuka. Na ce, "Ubangiji, ka bar mini ƙafata, ka cire mini abin da ke zuciyata, shi ya ɗaure ni."

Likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce da na ƙara jinkiri, da wani zancen ake yi. Na koma bin umarninsa tiryan-tiryan, yau ga ni tsaye ba sanda.

Rifkatu, ƙanwata, ba ki san komai ba sai yanzu. Ki yafe mini. Ki riƙe ɗinkin, kin iya.

Na gode wa Yesu da ya bar mini ƙafa. Ku dogara gare shi, ku jira lokacinsa, 'yan'uwa. Amin.