Hannun da Ya Ƙi Dunƙulewa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Sunana Yohanna, amma a filin dambe Guduma ake ce mini. Na ga wasu a baya sun fara raɗa, suna cewa, "Ba wannan ne aka yi wa kaca-kaca a Ɗanbatta ba?" Ni ne. Ku huta da raɗa, yau da bakina zan faɗa.

Kun tuna shekarun da ruwa ya yi ta ɗaukewa, gero ya bushe a tsaye. A gidanmu dambe ne ya riƙe mu. In na kayar da mutum, wani ya ba da kwanon dawa, wani ɗan akuya. Da hannun daman nan na ciyar da matata Rifkatu da 'ya'yanmu da tsohuwata. Ran Lahadi ina zaune a bencin baya ina amsa waƙa, amma guru na ɗaure a damtsena ƙarƙashin riga. Ga hannuna da gurun nan na dogara, ba ga Allah ba.

Sai aka haɗa ni da Dogo, wani ɗan dambe daga wajen Zakirai.

'Yan'uwa, ko jakin kai taki ba a yi masa dukan da na sha ran nan! Turmin farko, wato zagayen farko, ban taɓa ko gashin kansa ba. Ya kumbura mini ido, ya fasa mini leɓe, yana yi yana murmushi. A turmi na biyu ya sakar mini ɗaya a muƙamuƙi, na faɗi a kan hannun da na naɗe da zare. Na ji ƙas!

Ina kwance a ƙasa, Mamman mai kalangu, wanda ya yi shekaru yana kaɗa mini take, ya juya kiɗa ya koma yi wa Dogo. Wannan ya fi karayar yi mini ciwo.

Maƙwabcinmu Malam Isiya maɗori ne, Allah ya saka masa. Ya ɗaure hannun da karare, ya ce, "Yohanna, ƙashi zai haɗe in sha Allahu. Yatsun nan ne ban yi maka alkawari ba."

Haka kuwa aka yi. Ƙashi ya haɗe, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Hannu ya tsaya a buɗe, ya ƙi dunƙulewa. To ɗan dambe da ba ya dunƙule hannu, me ya rage masa? Gari ya ɗauka: Guduma ya ƙare.

Baba Tanko, maigidana a dambe, ya zo har gida. Ya ce, "Yaro, jifa aka yi maka. Tashi mu je wajen mutumina, a sake maka tsaga, a ba ka sabon guru."

Har na fara neman takalmi. Rifkatu ta leƙo daga madafa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri in yi tambaya. Gurun da ya ɗaura ran nan, yana ina lokacin da yake kwance a ƙasa?"

Baba Tanko ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ni kuma na cire gurun na jefa a murhu, ba don bangaskiya ta cika ni ba, don haushi.

Daga nan na koma rayuwa da hagu. Kun san yadda muke da hagu a ƙasar nan. Tuwo da hagu, yara suna kallo. Miƙa abu a kasuwa, sai na ce a gafarce ni. A cikin majami'ar nan na sa baiko da hagu, na ji wata ta yi tsaki. Na san ko wace ce, ba zan faɗa ba. Rijiya ta yi nisa, da hagu nake jan guga. Da damina ta faɗi, da hagu na yi noma. Abinci ya yi ƙaranci har muka sayar da akuyar ƙarshe.

Wata safiya a gona na ce bari in gwada riƙe fartanya da dama. Ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Sai zuciya ta ɗebe ni. Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba. Na miƙa hannun daman a gabana a buɗe, ina ihu: "Ya Yesu, duba! Duba abin da ka bar ni da shi! Ka dunƙule mini shi, ko ka gaya mini abin da zan yi da shi!"

Ina cikin haka sai na dubi tsayuwata. Hannun dama a gaba, tafi a buɗe. Hannun hagu a baya, a dunƙule tam saboda fushi, damtse ya cika da jan guga da noma.

'Yan'uwa, tsayuwar dambe ke nan! Hannu ɗaya kawai ake naɗewa a yi duka da shi. Ɗayan a buɗe ake riƙe shi a gaba, shi ne garkuwa. Hannun da na yi watanni ina kuka a kansa, garkuwa ce Ubangiji ya gyara mini. Sai a lokacin gwiwata ta kai ƙasa. Na yi kuka har ƙasar ta jiƙe. Halleluya!

Na cika buhu da yashi na rataye a tsamiyar bayan gida. Rifkatu ce ke naɗa mini zare a hagu, tana addu'a tana ja. Baba Tanko ya ji labari ya ce, "Hannun tsarki za ka kai fili?" Na ce, "Shi Allah ya ba ni, Baba."

Da kakar bara na koma Ɗanbatta, na ce Dogo nake so. Fili ya ɗauki dariya. Babu guru, babu laya, babu mai yi mini kiɗa.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, ban kayar da shi ba. Amma shi ma bai kayar da ni ba! Turmi uku muka yi, duk abin da ya jefo ya tarar da tafin nan a gabansa. A na ƙarshe na ɗirka masa hagu a haƙarƙari, ya yi baya yana neman numfashi, masu dariya suka yi tsit. Da aka raba mu ya riƙo hannuna na hagu ya ce, "Kai bahago, wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Wanda ya hana ni wancan."

Ran nan na shiga gida da buhun gero a kai.

Yanzu masu lissafi suna cewa shekaru sun ja, kaka ɗaya ko biyu ta rage mini. Su yi ta faɗa. Su ne suka ce na ƙare, kuma ba su suka tashe ni ba. Ranar da zan ajiye zare, Ubangiji ne zai faɗa, ba mazauna teburin mai shayi ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka roƙa ya ƙi dunƙulewa, kada ka bi kowa wajen boka. Miƙa shi gaban Yesu yadda yake, ka dogara gare shi.

Na gode wa Allah. Ga hannun hagun da zan ɗaga in yabe shi, kuma da shi zan sa baikona yau. Mai tsaki ta shirya.

Ku yabi Ubangiji!