Sabuwar Waƙar Makaɗan Gayya

A bakin rijiyar Gangara, wani saurayi ya tsai da wani dattijo mai jaki.

"Baba, an ce makaɗan gayya sun yi sabuwar waƙa. Ta kai garinku?"

"Ta malalacin nan da ya yar da hauya ya kwanta gindin aduwa? Ai har mata na daka da ita."

"Sun faɗi sunansa?"

"Tukuna. Sai ran Juma'a, a bikin gidan Barmo."

"Gidan Barmo? Can nake neman aure! Wallahi zazzaɓi ne ya kayar da ni, ba lalaci ba!"

"Ashe kai ne? Yi haƙuri, ɗana. Ni ma tun daga Falanko ita nake rerawa. Ta yi daɗi ne."