Kunun A'i

Takardar iƙama ta izinin zama a ƙasar, carbi da filas, abin da Na'ibi ya shigo da shi ke nan ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Safa. Dattijon da ke gefensa ya dubi filas ɗin.

"Kai ma hanji za a duba maka da na'ura?"

"E, Baba. Tun jiya ban ci komai ba, sai kunu."

"Kunu? Ruwa garau suka ce, wanda kana ganin gindin kofi."

"Abin sha suka ce mini."

"Halas, shi ke nan, likita ba zai ga komai ba. Sai sun ɗaga maka zuwa wata rana."

"Matata A'i ta aiko garin daga Kano, ita ta daka. Na buɗe na ji ƙamshin gidanmu, na kasa haƙura."

Dattijon ya sake duban filas ɗin.

"Ni a nan garin, unguwar Ammariyya, aka haife ni. Rabona da kunun tsamiya tun rasuwar mahaifiyata. Da saura?"

"Da saura."

Nas ta kira sunan dattijon, Hamad. Dattijon ya shiga, ƙofa ta rufu.

"A ɗaga mini," in ji Na'ibi ga nas ɗin. "Amma ina nan sai ya fito ya sha kunu."